ƊALIBI A ƊAKIN HAYA: HAƊURRAN DA KWAƊO BA YA TSAREWA

Gabatarwa

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, dubban samari da 'yan mata kan ɗaure kayansu su bar gaban iyayensu, da yawansu a karo na farko. Ɗakunan kwana na cikin jami'a ba sa isar kowa, saboda haka wasu kan kama haya a unguwannin da ke maƙwabtaka da makaranta, kamar Samaru a Zariya, ko Ɗanbare a Kano, ko Dundaye a Sakkwato, ko Mairi a Maiduguri. Nasihar da akan yi wa ɗalibi ranar tafiya kusan iri ɗaya ce a kowane gida: ya guji abokan banza, ya bar yawon dare, ya riƙa kulle ƙofarsa. Nasiha ce mai kyau, za mu kuma dawo kanta. Amma idan aka dubi ɗakin ɗalibi da idon mai nazarin halittu, za a tarar da wasu haɗurra waɗanda kwaɗo da sakata ba sa hana su shiga. Wasunsu ma rufe ƙofar ne ke ƙara masu ƙarfi.

A gida akwai masu lura. Uwa ce ke fitar da kaskon wuta kafin a kwanta, ita ke rufe randa, ita ke ɗumama tuwo da safe, ita ce kuma ke fara ganin idon yaro ya canza. Yaro kan tashi cikin wannan kariya ba tare da ya san dalilanta ba, ranar da ya kama ɗakin kansa kuwa sai aikin duka ya dawo wuyansa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan dalilai, tare da jawo hankalin mai karatu ga abu guda da haɗurran suka yi tarayya a kansa, watau kusan kowannensu yakan fara ne da raba mutum da ikon ceton kansa. Wanda ya fahimci haka zai gane abin da ya sa abokin ɗaki da maƙwabci suke cikin kayan tsaron ɗalibi.

Iskar Ɗaki

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kimanin kashi 21 cikin 100. Idan ta shiga huhu, wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke ɗaukar oksijin ya rarraba wa sassan jiki. Ƙwaƙwalwa da zuciya su suka fi buƙatarsa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashinsa fiye da 'yan mintoci.

Duk lokacin da gawayi, ko itace, ko kananzir, ko fetur ya ci wuta a inda iska ba ta wadata ba, ƙonewar ba ta kammaluwa, sai a sami wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari ko hawaye. Hayaƙin da ke yi wa mutum yaji a ido daban yake da ita. Garwashin da ya yi jajir ya daina hayaƙi yana nan yana fitar da ita. Tun a 1857 wani masani ɗan ƙasar Faransa, Claude Bernard, ya nuna cewa a cikin jini take yin ɓarnarta. Ƙarfin kamun da himogulobin ke yi mata ya ninka wanda yake yi wa oksijin fiye da sau 200. Mai karatu zai iya yin lissafin da kansa: in aka raba 21 da 200 za a sami kimanin 0.1. Ke nan idan wannan guba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na iskar ɗaki, aka kuma daɗe ana shaƙa, tana iya mamaye kusan rabin himogulobin ɗin da ke jiki.

Alamomin farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Daga nan sai tunani ya rikice, ƙafafu su yi sanyi, har mutum ya ga ƙofa ya kasa isa gare ta. Mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Lokacin hunturu ne haɗarin ya fi yawa, domin a lokacin ne akan toshe taga da tsumma a shigo da kurfoti don jin ɗumi. Haka nan tsoron ɓarawo kan sa a tayar da janareta a baranda ko cikin zaure. Wurin janareta shi ne fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga. In ana gudun sata, a ɗaure shi da sarƙa. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka kamu da ciwon kai lokaci ɗaya, suka kuma ji sauƙi da suka fita waje, to a zargi iskar ɗakin.

Wanda ya tarar da mutane a sume, ya buɗe ƙofa da tagogi, ya kashe injin, ya fitar da su fili, ya kwantar da kowannensu a kan gefensa, sa'an nan a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa sumamme madara ko manja, don za su iya bi ta hanyar numfashi su shaƙe shi. Oksijin yake buƙata. A iskar fili jiki kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar, amma da oksijin zalla na asibiti lokacin kan ragu zuwa awa 1 da 'yan mintoci.

Cunkoso da Sanƙarau

Tsadar haya kan sa ɗalibai biyar ko shida su haɗu a ɗakin da aka gina don mutum biyu. A irin wannan ɗaki kowa numfashin ɗan'uwansa yake shaƙa. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa annobar sanƙarau, watau Neisseria meningitidis, tana zaune a maƙogwaron mutum 5 zuwa 10 cikin kowane 100 ba tare da ta yi masu komai ba, suna kuma yaɗa ta ta hanyar tari, da atishawa, da shan ruwa a kofi guda. Daga Disamba zuwa Yuni ƙura da busasshiyar iska kan raunana tantanin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami kafar shiga jini, ta wuce zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka.

Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, wanda cutar ta fi addaba a duniya. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Allurar rigakafin da aka fara a Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ta karya lagon nau'in da ake kira A, amma akwai sauran nau'o'i. Nau'in C ne ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina tsakanin 2016 da 2017, ya kashe mutane fiye da 1,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i 5 a lokaci guda. Ko a ƙasashen da cutar ba ta zama annoba, an lura cewa sababbin ɗaliban jami'a suna cikin masu saurin kamuwa, shi ya sa tun 2015 Ingila take ba su allurar kyauta.

Alamomin su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske. Ba a jimawa mai ciwon kan fara sambatu ko barci mai nauyi, kuma cutar na iya kisa cikin awa 24. A wannan hali ba zai iya yanke wa kansa shawara ba. Abokin ɗakin da ya ce "bari mu gani zuwa safe" yana iya yin asarar lokacin da magani zai yi aiki. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon su ma su je asibiti, don akwai maganin kariya da akan ba su.

Ruwa da Abinci

Taifot da kwalara hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan mai ɗauke da cutar zuwa bakin mai lafiya, ta ruwa, ko abinci, ko hannu, ko ƙuda. A gidajen haya da aka gina a matse, sau da yawa taku kaɗan ne tsakanin rijiya da masai, alhali ƙa'idar da masana tsabta kan bayar ita ce kimanin mita 30. Garau ɗin ruwa kuma ba shaida ce ta tsabtarsa ba, domin ɗigo guda na iya ɗaukar dubban ƙwayoyin cuta. Ɗalibi ya san inda mai garuwa ke ɗebo masa ruwa, ya tafasa na sha har ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko ya sa maganin kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Ya ajiye shi a jarka mai marfi, wadda ba a tsoma hannu ko moɗa a cikinta.

A 2021 Nijeriya ta sami mutane fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin arewa ne abin ya fi shafa. Gubar ƙwayar kwalara takan sa hanji ya riƙa tsiyayo ruwa da gishiri maimakon ya tsotse su, har babban mutum ya riƙa zubar da lita 1 a cikin awa guda. Kafin wani lokaci jini ya yi kauri, jijiyoyi su ɗaure, mutum ya kasa ko miƙewa. Abin da za a fara tun kafin a isa asibiti shi ne ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ko kuma ƙunshin da ake sayarwa a kyamis. Hikimarsa ita ce akwai wata kafa a bangon hanji wadda sukari da gishiri ke bi tare su shiga jini, ruwa kuma ya bi su, kuma gubar kwalara ba ta toshe wannan kafa. Likitoci a Daka da Kalkata su suka tabbatar da haka a shekarun 1960.

Dangane da abinci kuwa, ɗalibi kan dafa tukunya guda ya ci har kwana biyu, ga shi babu firji, ko akwai firjin babu wuta. A yanayin zafi irin namu wasu bakteriya kan rabu biyu duk minti 20. Ƙwaya 1 za ta zama 8 a awa guda, a awa 7 kuwa ta haura miliyan 2. Ɗumame mai kyau yana kashe yawancinsu, amma akwai wadda ke zama a dafaffiyar shinkafa ta fitar da gubar da zafi ba ya lalatawa. Saboda haka a dafa daidai ci, abin da ya rage kuma ya kwana cikin zafi a haƙura da shi.

Ɓera da Zazzaɓin Lassa

Buhun garin kwaki da kwalin taliya da ke ƙarƙashin gado gayyata ce ga ɓera. Wani nau'insa, Mastomys natalensis, wanda akan gane macensa da yawan nonuwa, shi ke ɗauke da bairas ɗin zazzaɓin Lassa. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Ɓeran ba ya ciwo, sai dai yana zubar da bairas ɗin a fitsari da kashinsa a kan abinci, da kwanuka, da daɓen ɗaki. Mutum kuma na iya ɗauka daga jini ko sauran ruwan jikin mai ciwon. Cutar kan ɓulla cikin mako 3 da kamuwa, ta fi kuma yawa da rani. Jihohin Ondo, da Edo, da Bauchi, da Taraba suna cikin waɗanda suka fi fama da ita.

Kimanin mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa jin jiki sosai. Sauran kuwa abin kan tsananta, ya taɓa hanta da ƙoda, wani lokaci har da zubar jini, wasu daga cikin waɗanda suka warke kuma kan rasa jinsu. Magani ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko. Kariyar ba ta da tsada: a zuba hatsi da gari a bokiti mai marfi, a wanke kwano kafin a ci a cikinsa, a toshe ramuka, a nisanta shara daga ƙofa. Inda aka ga kashin ɓera a yayyafa ruwa mai bilic kafin a share, don kada ƙurar ta tashi a shaƙe ta. Mataccen ɓera kuma ba a ɗaukarsa da hannu tsirara.

"Ai Maleriya Ce"

Mai karatu zai lura cewa gubar hayaƙi, da sanƙarau, da taifot, da Lassa duk da ciwon kai ko zazzaɓi da kasala suke farawa. Haka ita ma maleriya take farawa, kuma da yake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Nijeriya suke, ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya sa wa kowane zazzaɓi sunanta. Sai ya aika a sayo masa magani a kyamis, ya ja bargo, ya kulle ƙofa. Kwanakin da zai yi yana shan maganin cutar da ba ita ke damunsa ba, su ne kwanakin da ainihin cutar ke samun gindin zama.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a sha maganin maleriya. Gwajin gaggawa ɗigon jini guda yake buƙata, sakamako kuma kan fito cikin minti 15 zuwa 20. Idan gwaji ya nuna babu maleriya, ko aka sha magani kwana 2 zazzaɓi bai sauka ba, to a koma wurin likita. Ɗalibi ya yi rajista da asibitin jami'a tun makon farko, ya adana katinsa inda abokin ɗakinsa ya sani. Mai asma, ko sikila, ko farfaɗiya, ko ciwon sukari ya sanar da aƙalla mutum ɗaya da ya amince da shi, ya nuna masa inda maganinsa yake da abin da za a yi in ciwon ya tashi. Gidan sauro mai magani kuwa ya shiga cikin kayan da za a ɗaure tun daga gida, domin macen sauron da ke yaɗa maleriya da dare ta fi cizo.

Lantarki da Gobara

Hitar da ake tsomawa a bokiti tana cikin kayan da suka fi yawa a ɗakunan ɗalibai, kuma tana cikin mafiya haɗari. Ƙarfin wutar gida a ƙasar nan kimanin bolt 230 ne. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa ga lantarki, tana iya kaiwa om 100,000, amma jiƙaƙƙiyar fata takan sauko zuwa wajen om 1,000. In aka bi dokar Om da ake koyarwa a sakandare, aka raba bolt da turjiya, za a ga cewa abin da zai ratsa busasshen hannu bai wuce miliamfiya 2 da ɗoriya ba, wanda ɗan fizga kawai zai yi. Wanda zai ratsa jiƙaƙƙen hannu kuwa ya kai miliamfiya 230. Tsokar jiki da umarnin lantarki take aiki. Daga miliamfiya 10 zuwa 20 tsokokin hannu kan ɗaure, kuma da yake masu dunƙule yatsu sun fi masu buɗe su ƙarfi, sai hannu ya damƙe wayar ya kasa saki. A wajen miliamfiya 100 bugun zuciya kan hargitse ta daina tura jini.

Don haka kada a taɓa ruwa don jin ɗuminsa sai an zare hita daga soket. Idan aka ɗauke wuta a zare hita da dutsen guga nan take, domin gobara da yawa kan tashi ne sa'ad da aka maido wuta babu kowa a ɗaki. Wanda ya ga lantarki ya kama wani kada ya taɓa shi. Ya kashe wutar daga tushe, ko ya ture shi da busasshen katako.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye a ƙasa yake taruwa. Wanda ya ji warinsa kada ya ƙyasta ashana, kada kuma ya taɓa makunnin fitila. Ya rufe tukunyar, ya buɗe ƙofa da taga. Ba a zuba wa risho kananzir yana ci. Man girki in ya kama wuta a rufe tukunyar da marfi, domin ruwa fantsama wutar yake yi. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ban da ƙwai ko man goge baki. Sa'an nan a tuna cewa ƙarafan taga da ke hana ɓarawo shiga suna hana mai ɗaki fita, saboda haka makulli ya kwana a wuri guda da kowa zai iya laluba cikin duhu.

Dare, Hanya da Mutane

Yanzu sai mu koma ga nasihar iyaye. A Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da ɗalibai fiye da 20, yawancinsu mata. A watan Oktoba na shekarar aka sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Tsare rayuka daga irin wannan hari nauyi ne na hukuma, ba abin da ɗalibi zai iya shi kaɗai ba ne. Abin da ke hannunsa shi ne zaɓen wurin zama. Gidan da ke bakin gari shi kaɗai yakan fi araha, amma arahar tana da dalili. Baƙo ko da ido makaho ne, saboda haka a tambayi tsofaffin ɗalibai da ofishin kula da harkokin ɗalibai kafin a biya kuɗi, in an tare kuma a je a gaida mai unguwa da maƙwabta.

Ilmin halittu yana da abin cewa ko a nan. Ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, domin sai wani sinadari mai jin haske ya sake taruwa a tantanin bayan ido, kuma haske mai ƙarfi kan rushe shi cikin daƙiƙoƙi. Ɗalibin da ke dawowa daga karatun dare yana kallon fuskar wayarsa, kunnuwansa kuma a toshe da abin sauraro, ya rage wa kansa gani da ji, ya kuma haska wa ɓarawo abin da zai ƙwata.

Idan tsoro ya zo farat ɗaya, wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda kan zuba sinadarin adirenalin a jini. Zuciya ta ƙara sauri, jini ya koma manyan tsokoki, gani ya tattaru wuri guda, yatsu su kama rawa har mutum ya kasa zira makulli a kwaɗo. Wani kan gudu, wani ya yi faɗa, wani kuwa ya sandare ya kasa ko ihu. Sandarewa aikin jiki ce, ba ragwanci ko yarda ba, kuma ya kamata duk wanda aka ci wa zarafi, mace ko namiji, ya san haka, ya je asibiti da wuri, kada a wuce kwana 3 saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau, ya kuma kai ƙara. Tun da tunani kan taƙaita lokacin firgita, sai a yi shi tun kafin lokacin. A riƙe makulli a hannu kafin a iso ƙofa, a yi tafiyar dare cikin ayari, a haddace lambar waya biyu ko uku. Ɗan fashi in ya nemi waya a ba shi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a haɗa da ta jami'an tsaron makaranta.

Kayan maye kuma, irin su taramol da maganin tari mai kodin wanda gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018, ƙwaƙwalwa suke dakusarwa su rage numfashi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna sakamakon aiki kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, yawancin ɗalibai kuwa ba su kai nan ba. A wurin taro kada a sha abin da ba a ga buɗewarsa ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa mai shaƙar gubar gawayi, da mai sanƙarau, da wanda kwalara ta zuƙe, da wanda lantarki ya kama, da wanda tsoro ya sandarar, dukkansu sukan kai matsayin da sai wani ya cece su. Saboda haka kowane ɗalibi ya sami aƙalla mutum ɗaya da ya san inda yake kwana, da inda ya tafi, da lokacin da zai dawo, wanda kuma ke da lambar iyayensa. Idan ɗan ajinku bai fito lacca ba, wayarsa kuma ba ta shiga, a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa a ranar.

Kafin a biya kuɗin haya a duba abubuwa biyar: ko ɗakin na da tagogin da iska za ta ratsa, ina rijiya take daga masai, ina ake ajiye janareta, yaya wayoyin wuta suke, su wane ne kuma maƙwabta.

Ga malamanmu na sakandare, duk abin da aka ambata a nan yana cikin manhajar da suke koyarwa: numfashi da jini, da yaɗuwar ƙwayoyin cuta, da dokar Om, da aikin ido. Abin da ya rage shi ne a haɗa darasin da ɗakin da yaran za su kwana a ciki nan da shekara ɗaya ko biyu. Malami na iya sa 'yan ajin ƙarshe su auna ɗakin kwanansu su lissafa iskar da ke kan kowane mutum, ko su haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunsu a ɗakin gwaje-gwaje, ko su gwada yadda ake kwantar da sumamme a kan gefensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da hannu ya taɓa yi a aji ya fi saurin zuwa ranar da ake buƙatarsa.